Ɗinkin kayan 'yar tsana: Sana'ar da muke yi wa dariya a ƙasar Gobir

Idan aka ji cewa wata matar aure mai 'ya'ya a Sabon Birni ko Isa ta zauna da allura da zare tana ɗinka wa 'yar tsana riga da zane, fassara uku za a yi mata. Wasu za su ce yarinta ce ba ta sake ta ba. Wasu za su ce tunani ne ya yi mata yawa, a nema mata addu'a. Wasu kuma za su rage murya su ce ko dai bori ne, tunda ƙasar Gobir ce, inda sarautar Inna ta daɗe da jan ragamar mata da 'yan bori. Da wuya a samu wanda zai ce sana'a take koyo, ko kuma hutawa take yi da abin da ranta ke so.

Ra'ayina shi ne wannan dariya tana jawo mana asara. A wasu ƙasashe manyan mutane ne ke tara irin waɗannan 'yan tsana na ado, suna ɗinka musu tufafi, suna baje kolinsu, suna ciniki a kansu. A Najeriya ma an samu waɗanda suka yi suna da wannan aiki. Yankin da ya fi kowa buƙatar sana'ar da ba ta cin jari mai yawa, wato gabashin Sakkwato, shi ne kuma yake da tufafi da adon da babu mai adana su. Ya kamata mu dubi lamarin da idon basira kafin mu yanke masa hukunci.

Abin da muka gada

Da farko dai, 'yar tsana ba baƙuwa ba ce a gidan Bahaushe. Tun kafin a fara shigo da na roba, 'yan mata na yin nasu da kara ko ƙashi ko laka ko tsumma. Su je wurin tela su roƙi ƙyallaye, su ɗaura mata zane, su yi mata kallabi, su goya ta a baya. Har auren 'yar tsana ake yi, a haɗa kayan ɗaki da gwangwani da marfin kwalba, a yi gara, a kai amarya da guɗa. Iyaye ba sa hanawa, domin sun san makaranta ce. A nan yarinya ke fara riƙe allura, ta san yadda ake goyo, ta san abin da ake kai wa amarya da yadda ake jere.

Abin da ya bambanta mu da wasu al'ummomi shi ne inda muke yanke igiyar. Da zarar yarinya ta fara girma sai a ce ta ajiye, kuma duk gwanintar da hannunta ya samu ta tafi tare da 'yar tsanar. Wasu kuwa sun bar wa gwanayen cikinsu hanya suka ci gaba, har abin ya zama fasaha da kasuwa. A Japan, kowace ranar 3 ga Maris iyalai na fito da 'yan tsana masu sanye da tufafin fadar sarakunansu na dā, ana gadon su daga kaka zuwa jika. A Amurka akwai haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu tara 'yan tsana tun 1949, kuma mambobinta manya ne. Kamfanin Mattel, wanda ya fito da Barbie a birnin New York ranar 9 ga Maris, 1959, yana da rukunin da yake yi musamman domin manya masu tarawa.

'Yar Ilorin da ta riga mu

A ƙarshen 2015 wata matashiya 'yar Ilorin, Haneefah Adam, wadda ta yi digiri na biyu a fannin haɗa magunguna a Birtaniya, ta fara ɗinka wa Barbie hijabi da dogayen riguna tana sa hotunan a Instagram da sunan Hijarbie. Cikin 'yan watanni manyan kafafen yaɗa labarai na duniya suka ɗauki labarinta. Dalilinta mai sauƙi ne: ba ta ga 'yar tsanar da ke yin shiga irin tata ba, sai ta ɗinka. Sai a 2017 kamfanin Mattel da kansa ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi, wadda aka yi da siffar 'yar wasan takobi ta Amurka, Ibtihaj Muhammad. Wato mai allura ɗaya a Ilorin ta riga babban kamfani gano abin da 'yan mata Musulmi ke nema. Kafin nan ma, a 2003, wani kamfani a Siriya ya fito da Fulla mai abaya, ta kuma karɓu a ƙasashen Larabawa.

A Legas kuma, Taofick Okoya ya kafa Queens of Africa a 2007, bayan ya nemi baƙar 'yar tsana da zai saya wa 'yar ɗan'uwansa ya rasa. Ya fito da guda uku: Nneka ta Ibo, Wuraola ta Yarbawa, da Azeezah ta Hausawa. A farkon 2014 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa yana sayar da tsakanin 6,000 zuwa 9,000 a wata. Abin lura a labarinsa shi ne gangar jikin robar daga Chaina ake kawo ta, tufafin da kitson ne ake yi a Legas. Ke nan abin da mai saye ke biya wa kuɗi, wanda ya bambanta ta da sauran na kasuwa, shi ne ɗinkin.

To, a nan Bagobiri ya kamata ya ji kunya, tunda Bayarabe abokin wasansa ne. Abokan wasanmu su ne suka ɗinka wa 'yar tsana hijabi, su ne kuma suka raɗa wa wata suna Azeezah suka ce wa duniya ga Bahaushiya. Ba su yi laifi ba, gurbi suka gani suka cike. Amma wanda ke zaune a Legas ba zai san bambancin ɗaurin kallabin tsohuwar Bagobira da na amaryar Kano ba. Idan ba mu nuna kanmu ba, wani zai nuna mu yadda ya hango mu daga nesa.

Ƙaramin ɗinki, babbar makaranta

Duk telan da ya taɓa gwadawa zai gaya maka ɗinkin 'yar tsana ya fi na mutum wuya ta wasu fuskoki. Tsawon Barbie inci 11 da rabi ne, kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawon mutum. Kuskuren rabin inci da zai ɓace a jikin babbar mace, a jikin 'yar tsana ya lalata rigar gaba ɗaya. Kalmasa dole ta zama siririya. Atamfa mai manyan zane ba ta yi, domin fure ɗaya zai rufe rigar duka, sai a nemi mai ƙananan zane. Shadda mai tauri ba ta kwanciya, sai an wanke ta ta yi laushi. Zif na mutane ya yi girma, sai ƙaramin maɓalli ko igiya. Hannun riga kuwa sau da yawa ƙafar keke ba ta shiga, sai da allurar hannu. Wadda ta iya haɗa hannu da kafaɗa a wannan ƙanƙanta, ta mutum ba za ta gagare ta ba.

Ga kuma lissafin yadi. Tunda tsawo da faɗi duka sun ragu sau shida, yadin da ake buƙata ya ragu sau 36. Turmi ɗaya mai yadi shida da zai yi wa mace ɗaya riga da zane da ɗankwali, a lissafi zai tufatar da 'yan tsana 36. Ma'ana mai koyo za ta iya yin kuskure sau talatin da abin da bai kai kuɗin turmi ɗaya ba. Kowa ya san dalilin da ya sa yaron tela ke shekara yana guga da sa maɓalli ba a ba shi almakashi ba: babu mai son a ɓata masa yadin Sallah. Ƙyallayen da ake sharewa a zubar ko a ƙona a bakin shago sun isa su koya wa yara yanka.

Manyan masu tsara tufafi na duniya sun san wannan. Madeleine Vionnet, wadda ta shahara a Paris tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, a jikin ƙaramar 'yar tsanar katako take fara gwada yankanta kafin a mayar da shi girman mutum. Shekaru ɗaruruwa kafin ita, kafin a sami mujallun hoto, da 'yan tsana ake aika sabon yayi daga Faransa zuwa fadojin Turai, teloli su duba su kwaikwaya. Komai ƙanƙantar allura, in ji Hausawa, ƙarfe ce.

"Ana kashe mu kana maganar 'yar tsana?"

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma duk wanda ya yi ta yana da gaskiyarsa. A ƙarshen watan Mayun 2020 an kashe sama da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana ɗaya. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Isa da Sabon Birni. A Disambar wannan shekara aka ƙona matafiya a cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun tsallaka Jihar Maraɗi, zuwa yankin Gidan Rumji da makwabtansa, wasu sun taru a cikin garuruwa a gidajen 'yan'uwa da makarantu. Babu ɗinkin da zai maye gurbin tsaro, kuma babu wanda ya isa ya ce gwamnati ta sauke nauyinta don ta raba allura.

Sai dai mu tambayi kanmu, matar da aka raba da gonarta da awakinta, tana zaune a gidan wani daga safe zuwa dare, me take yi da hannunta? Duk lokacin da aka tashi tallafa wa irin waɗannan mata, abin da ake yi kusan ɗaya ne: a koya musu ɗinki na 'yan makonni, a raba kekuna, a ɗauki hoto. Daga nan sai teloli su yi yawa a garin da mutanensa ba sa iya ɗinka sabon kaya sai Sallah zuwa Sallah. Sau da yawa keken na ƙarewa a kasuwa, a sayar a sayi hatsi. Matsalar ba ta koyarwa ba ce kaɗai, ta mai saye ce. Kayan da za a ɗinka a Isa a sayar wa mutumin Isa kawai, kasuwarsa ta mutu tun ranar da aka hana shi noma.

Kayan 'yar tsana kuwa mai sayensu yana wani wuri: uwa a Sakkwato ko Kano ko Abuja da ke son 'yarta ta yi wasa da abin da ya yi kama da ita, Bahaushen da ke zaune a Saudiyya ko Ingila yana son abin tunawa da gida, masu shagon tsaraba, masu shirya biki. Ba sa buƙatar wutar lantarki. Ba su da nauyi, guda hamsin za su shiga jaka ɗaya a ba direban mota. Ba sa ruɓewa kamar tumatir idan hanya ta rufe kwana uku. Idan aka ce a gudu, allura da zare da almakashi suna shiga cikin ƙullin zane, keke kuwa sai a bar shi.

Tarihi ma ya nuna irin haka. A watan Maris na 1945, yaƙi bai ƙare ba, Paris na fama da ƙarancin yadi da gawayin ɗumama ɗaki, sai manyan gidajen ɗinki na birnin, irin su Balenciaga da Lanvin da Nina Ricci, suka haɗu suka ɗinka wa 'yan tsanar waya sama da 200 tufafi, kowace tsawonta kusan santimita 70. Suka kira baje kolin Théâtre de la Mode. An tara kuɗin agaji ga waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita, sannan aka zaga da shi biranen Turai har Amurka, duniya ta ga cewa telolin Faransa suna nan da ransu. Ba su jira yaƙi ya ƙare ba kafin su ceci sana'arsu.

Ina matsayin addini?

Wannan ma ba abin tsallakewa ba ne a ƙasar Shehu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah (SAW), bai hana ta ba. Da wannan ne malamai da dama, ciki har da Alƙali Iyad na mazhabar Malikiyya, suka ware 'yan tsanar yara mata daga hanin da aka yi kan sassaƙa siffar mai rai, saboda tarbiyyar da ke cikinsu. Inda aka fi samun saɓani shi ne masu cikakkiyar sura irin ta roba, da kuma babba ya jera su a ɗaki don ado. A 2021 Hukumar Hisbah ta Kano ta hana teloli da masu shaguna amfani da mutum-mutumin tallar kaya, daga baya aka yi bayanin cewa a cire musu kai, a kuma suturta su.

Wannan saɓani bai rufe ƙofar sana'ar ba, hanya ya nuna mata. Gwanintar tana cikin tufafin ne, kuma ɗinka ƙaramar riga babu wanda ya ce haramun ne. Ana iya yin 'yar tsanar tsumma marar fuska, kamar yadda iyayenmu suka yi da kara, wadda ba ta da ido ko hanci. Ana iya rataya kayan a jikin ƙaramin katako marar kai. Ita 'yar tsanar tsumma ma ta fi mana, domin ba sai an jira kaya daga Chaina ba, kuma ba ta zo da siririn ƙugu da dogon gashin da aka daɗe ana sukar Barbie a kansu ba. Wadda zuciyarta ba ta natsu ba ta tambayi malaminta. Abin da bai dace ba shi ne a jefi mace da tsafi don an ga ƙyalle da allura a hannunta.

Taskar tufafin Gobir

Akwai wani amfani da ya wuce kuɗi. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, yau kufai ne a ƙasar Sabon Birni. Gobirawa sun rabu, wasu a Tsibiri ta Nijar, wasu suka kafa Sabon Birni a ƙarni na 19, sannan Turawan Ingila da Faransa suka ja iyaka a tsakaninsu. Abin da ya rage yana haɗa su shi ne harshe da zumunta da tsage da shiga. Tsagen nan na shida da bakwai yana ɓacewa, yaran yanzu kaɗan ne ke da shi. Saƙi da gwado da zanen baba na marina sun koma ƙasan adakar tsofaffi. Kitson doka sai a hoto. Duk ƙauyen da aka tasa, ana barin irin waɗannan kaya a baya, kuma duk tsohuwar da ta rasu a gudun hijira ta tafi da sanin yadda amaryar garinsu ke shiga shekara sittin da suka wuce.

Gina gidan tarihi yana buƙatar kuɗi da zaman lafiya. Amma akwati ɗaya zai ɗauki shigar amarya da ta mai jego da ta tsohuwa da ta mafarauci da ta ɗan dambe da ta basarake da babbar rigarsa mai aska takwas, duka a ƙaramin girma. A zaunar da tsohuwa ta yi bayani, budurwa ta ɗinka, ɗan makaranta ya rubuta sunan kowane kaya da garin da aka samo bayanin. Gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai yana da ɓangaren tufafin ƙabilun Nijar. Mu ma muna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Waɗannan su ne ya kamata su zama masu saye na farko, su ba da aikin ga matan Isa da Sabon Birni, su biya su, su kuma rubuta sunan kowace a jikin aikinta.

Ko da babu riba

Bayan duk wannan, akwai abin da ba na so ya ɓace a cikin lissafin kasuwa. Namiji na kiwon tattabaru yana kashe musu dawa, ba a ce yarinta ba ce. Dattijo na wuni a gindin bishiya yana dara. Magidanci na biyan kuɗi a gidan kallo ya yi ihu saboda Arsenal ko Real Madrid. Duk mun yarda mutum na buƙatar abin da zai ɗebe masa kewa. Mace ce kawai idan ta sami abin da take so sai an tambaye ta amfaninsa. Matar da ta ga abin da matan gabashin Sakkwato suka gani, idan ta sami sa'a ɗaya da hankalinta ya tattaru a kan kalmasar ƙaramin zane, bai koma daren da aka shigo garinsu ba, wannan sa'ar kaɗai ta isa hujja. Kuma yaran da suka baro kayan wasansu a ƙauye su ma suna da haƙƙin a yi musu wasu.

Ba na cewa wannan sana'a za ta ciyar da gari. Kasuwarta ƙarama ce, tana buƙatar waya mai kyamara da layin da ba a katse ba, da amintaccen mutum a birni da zai karɓi kaya ya turo kuɗi. Tana buƙatar tsafta da kyan gamawa, domin mai saye daga nesa ba ya sayen tausayi sau biyu. Wadda za a ba ƙaramin yaro kuma kada a sa mata duwatsun ado ko ƙananan maɓallan da zai iya haɗiyewa. Amma gida ashirin ko talatin da za su sami kuɗin cefane daga abin da ake zubarwa ba abin rainawa ba ne a inda muke.

Don haka kira na ga ƙungiyoyin teloli na Isa da Sabon Birni shi ne su riƙa tara ƙyallaye a buhu maimakon ƙonawa, su ba masu koyo. Masu shirya horon sana'a su sa ƙaramin ɗinki a makonnin farko, kafin a taɓa babban yadi. 'Yan yankin da ke zaune a birane, masu ɗimbin mabiya a Facebook da TikTok, su tallata aikin 'yan'uwansu mata. Masu shirya bikin Ranar Hausa ta Duniya, da ake yi kowace 26 ga Agusta, su ware teburi ɗaya domin shigar Gobir a ƙaramin girma, a sa gasa, a ba da kyauta. Magidanta kuma, idan ka shigo gida ka tarar da maiɗakinka ko ƙanwarka tana auna ƙugun 'yar tsana da tef, kada ka yi mata dariya. Ka tambaye ta irin zaren da take buƙata, ka sayo mata ran kasuwa.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir da Arewa baki ɗaya, Ya mayar da kowa gidansa da gonarsa.